Kurakuran da ke sa sakamakon maikro'are ya ƙi maimaituwa

Ɗakunan gwaji biyu su auna aikin ƙwayoyin gado a samfuri ɗaya, jerin wannan ya ƙi haɗuwa da na wancan, sai a ɗora wa faifan gwajin laifi, wato maikro'are, faifan da ke auna aikin dubban ƙwayoyin gado lokaci guda. Galibi ba shi ba ne. A 2006 aikin MAQC na tantance ingancin maikro'are, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta jagoranta, ya raba wa ɗakunan gwaji RNA iri biyu da gaurayensu a 3:1 da 1:3, aka maimaita kowanne sau 5, kuma faifan kamfanoni daban-daban suka yi jituwa ƙwarai. To a ina ake tuntuɓe?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa sakamako da sunan ƙwayar gado kaɗai. Kowane faifai yana ɗauke da gajerun zaren DNA, wato ƙugiyoyin da ke kama RNA. Na Affymetrix haruffa 25 ne, na Illumina 50, na Agilent 60. Suna ɗaya ba ya nufin gurbi ɗaya suke kamawa: wata ƙugiya tana can ƙarshen zaren RNA da ake kira 3', wata kuma a yankin da wasu nau'o'in RNA ɗin ba su da shi. A ɗauki jerin haruffan kowace ƙugiya a gwada shi da RefSeq na yanzu, wato rumbun jerin haruffan ƙwayoyin gado, a zubar da duk wadda ta dace da ƙwayar gado fiye da ɗaya, sannan a kwatanta.

Kada kuma a kwatanta ƙarfin haske kai tsaye tsakanin faifai iri biyu, don kowace ƙugiya da irin kamunta. Abin kwatantawa shi ne ninkin bambanci tsakanin samfuri biyu, a ma'aunin log2, inda kowane mataki ɗaya ke nufin ninki biyu.

Sai RNA da ya fara lalacewa. Rabon 260/280, wato awon yadda samfurin ke shan haske, da ya kai kusan 2.0 tsabta yake nunawa, ba ya gaya maka ko zaren ya kakkarye. Wannan aikin RIN ne, ma'aunin lafiyar zaren RNA mai maki 1 zuwa 10, kuma da yawa ba sa karɓar ƙasa da 7. Da yake oligo-dT, ɗan zaren da ake fara kwafin RNA da shi, daga ƙarshen 3' yake fara kwafi, ƙugiyoyin da ke nesa da nan su ne ke fara dushewa.

Wanda ba shi da magani shi ne a gudanar da samfuran marasa lafiya ran Litinin, na masu lafiya ran Alhamis. Bambancin rana, da sinadari, da hannun ma'aikaci sun cakuɗe ke nan da na cutar. ComBat, wani shirin ƙididdiga, yana gyara bambancin zubi, wato na samfuran da aka gudanar a lokuta daban-daban, amma ba zai raba abin da aka haɗe tun daga tsari ba. A warwatsa kowane rukuni cikin kowane zubi, a rubuta rana da lambar sinadari. Masu faifai mai launi biyu su kula da iskar ozon: kaɗan daga cikinta ya isa ya cinye rinin Cy5 bayan wanki, musamman lokacin zafi, ya bar Cy3 kusan yadda yake.

Zaɓen jeri ma yana ruɗa mutane. In aka jera ƙwayoyin gado da ƙanƙantar p kaɗai, wato alƙalamin ƙididdiga da ake gwada ko bambancin dace ne kawai da shi, matsayi yakan sauya daga ɗaki zuwa ɗaki, saboda ƙiyasin warwatsuwa daga maimaici kaɗan ba ya tsayawa wuri ɗaya. MAQC ya nuna jerawa da ninkin bambanci, tare da iyakar p mai sassauci, ta fi ba da jerin da ke maimaituwa. Masana ƙididdiga sun yi ja-in-ja a kan haka, kuma suna da hujja: maimaituwa daban, gaskiya daban. Shi ya sa ake tabbatar da zaɓaɓɓun da qPCR, wata hanya daban ta auna yawan RNA.

Hanyar daidaita alƙaluma kuwa ta zama ɗaya. Wanda ya bi hanyar RMA da wanda ya bi ta MAS5 za su saɓa ko da fayil ɗaya suka buɗe, don haka a ajiye ɗanyun fayilolin awo na CEL a GEO, rumbun da kowa zai iya dubawa, bisa MIAME, ƙa'idar bayanan da ya kamata a haɗa da kowane gwaji.