Kada Kowane Aiki Ya Zama Na Gaggawa

Shawarata ga shugabannin ma'aikata ita ce ku rage rubuta "da gaggawa" a kan kowace takarda da kowane saƙon WhatsApp. Na yi aiki a wani ofis inda shugabanmu yakan turo ayyuka uku kafin azahar, kowanne wai yau ake so, har muka koma yin na wanda ya fi ɗaga murya, rahoton ƙarshen wata kuwa ya yi ƙura a kan tebur. Ranar da gaggawar gaske ta zo, kowa ya ɗauka irin ta kullum ce. Idan za ku ba da aiki, ku faɗi rana da lokacin da kuke buƙatarsa, sannan ku ayyana wanda za a jingine dominsa.