Kafin ka sayi injin zuƙe ƙurar katako

'Yan uwa kafintoci, ga shawara: kada girman motar da ke juya injin ya ruɗe ka, fara duba matatar injin.

Yawancin masu araha da buhun yadi suke zuwa, wanda ke tare ƙurar da girman ƙwayarta ya kai maikiron 30 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita).
Ita kuwa mai illa, wadda ke shiga huhu, ba ta kai maikiron 10 ba.
Sai buhun ya riƙe ɓarzajjen garin, ya feso maka mai laushin cikin shago.
Nemi matatar da ke tare ƙura har mai maikiron 1.

Ni da rana na gane. Haske ya shigo ta taga, na ga ƙura na tashi daga jikin buhun kamar hayaƙi, alhali ƙasa fes take. Raina ya ɓaci ƙwarai, don watanni na yi ina shaƙarta.

Sai dabarar da ta rage min kashe kuɗi: sanya ganga mai mazurari tsakanin tiyo da injin.
Iska na juyawa a ciki, garin mai nauyi ya faɗa ganga, kaɗan ne ke isa matata. Ba ta saurin toshewa.

Amma idan murfin gangar na shan iska, ko ka bari ta cika, garin zai wuce kai tsaye.
Kuma tana ɗan rage ƙarfin zuƙa, don haka gajarta tiyo, rage lanƙwasa.

In kana da injin fere katako, siririn tiyo toshewa zai yi, sai mai faɗin inci 4.
Lokacin goga samfefa kuma, sa takunkumi ko da injin zuƙe ƙurar na aiki.