Kalmar "bone" a bakin Sinawa masu koyon Turanci: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk wanda ya taɓa zama da Sinawa yana koya musu Turanci, ko yana yi musu tafinta a Guangzhou ko Yiwu ko ma nan Kantin Kwari, ya san akwai kurakuran da ba sa tsufa. Wannan ɗalibi ya tafi, wancan ya zo, kuskuren yana nan inda ka bar shi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a kan kalmar bone, shi ya sa na ce bari in tattara ta wuri guda, duk wanda ya zo in miƙa masa. Kai ma Bahaushe mai koyon Turanci kada ka ce ba da kai ake ba, don wasu ramukan har da mu ake faɗawa.

Tushen matsalar shi ne Sinanci ya cika da zancen ƙashi. Kalmarsu gu ce, ko gutou. Suna zagi da ita, suna yabo da ita, da ita suke kwatanta sanyi da ƙiyayya da zumunta. Rubutunsu mafi daɗewa ma a jikin ƙashi aka same shi, wato ƙashin kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru na zamanin daular Shang, waɗanda aka gano darajarsu a 1899, daga baya aka yi ta tono su a Anyang. Turawa na kiransu oracle bones. To, ɗalibin da ya tashi a cikin wannan harshe, da ya ga bone a jimlar Turanci sai ya ji kamar ya gamu da ɗan garinsu a tasha. Ba ya buɗe ƙamus, shi a ganinsa ya riga ya gane. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Bari mu fara kawar da furuci. A Sinancin Mandarin akwai sautin ou, akwai kuma n a ƙarshen gaɓa, amma ba sa haɗuwa wuri ɗaya. Shi ya sa bone ke fitowa born ko bong. Ni abin da nake yi, sai in sa ɗalibi ya ja bou da leɓɓansa a zagaye, sai ya gama sannan ya ɗora bakin harshe a bayan haƙoran sama. Daga nan mu bi phone, stone, alone, loan. Ba na yi musu dariya a kan wannan, don na san abin da baƙo ke faɗa in ya manta lanƙwasar ƙ a kalmar ƙashi.

Sai na teburin cin abinci. Basine galibi ba ya kiran na kifi ƙashi, "ci" yake cewa, kalmar da ke nufin ƙayar itace. Daidai da mu ke nan, da muke cewa ƙayar kifi. Saboda haka za ka ji ɗalibi ya ce fish thorn. Turanci bai yi wannan rarrabewar ba, na sa da na kifi duk bone ne. A ce fish bone a wuce wurin.

Yanzu ga wanda ya ci mini kuɗi: make no bones about.

Sinawa na da wata magana, jidan li tiao gutou, neman ƙashi a cikin ƙwai. Ana faɗa wa mutumin da ke neman aibu inda babu. Babu ɗalibin da bai san ta ba, kuma ita ce ke lalata musu karatu. In ya ga no bones, lissafinsa gajere ne: ba a samu ƙashi ba, ke nan ba a samu aibu ba, ke nan an yarda. Alhali maganar Turancin tana nufin mutum ya faɗi abu ɓaro-ɓaro, ba kwana-kwana, ko da mai sauraro ba zai ji daɗi ba. Tsohuwar magana ce, tun ƙarni na 15 ana samun irinta a rubuce, kuma galibi ana danganta ta da miyar da ba ƙashi a ciki, wadda ake haɗiyewa ba tsayawa. Wato rashin ɗar-ɗar ɗin na mai magana ne. Ba shaida ce ga kayanka ba.

Lokacin ina shiga tsakanin wata masana'antar jakunkuna da wani mai saye daga Ingila, kashin farko ya isa, mutumin ya kira ni ya zazzage ni a kan ɗinki. Na je na gaya wa mai masana'anta, laoban kamar yadda suke cewa, ya yi alkawarin gyara. Bayan haka mai sayen ya aiko da wasiƙa kai tsaye, a ciki ya rubuta: We made no bones about the stitching when we spoke to your agent, and our position is the same. Yaron ofis, wanda yana cikin masu zuwa darasina da yamma, ya fassara wa ubangidansa cewa Bature ya ce ba su ga aibun ɗinki ba, kuma har yanzu suna kan bakansu. Ka ga abin da ya faru? Ba a gyara komai ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, laoban ya ɗauka ni na ƙirƙiri ƙorafin don in danne farashi in ci riba a tsakani. Aka ɗinka kashi na biyu yadda aka ɗinka na farko, mai saye ya ƙi karɓa, la'adata ta bi ruwa, mutumin kuma bai sake ɗaga wayata ba. Da na tsare yaron sai ya buɗe hannu ya ce, "Laoshi (wato malam), ai ya rubuta no." Eh, ya rubuta no. Sai aka ce maka duk inda no ta zauna lafiya ce?

Tun daga ranar na kafa doka a ajina, kuma na san akwai malaman da ke ganin na yi tsanani. In ka ga bone a wasiƙar ciniki, alhali ba nama ake sayarwa ba, ba kuma zancen asibiti ake yi ba, ka ajiye alƙalami. Kada ka fassara, kada ka gaya wa kowa komai, sai ka buɗe ƙamus na Turanci zalla, ba manhajar waya mai juya kalma da kalma ba. In make no bones ce, cire ta ka sa say openly a gurbinta, ka sake karanta jimlar. Nan take za ka ji ko yabo ne ko faɗa. Ban kuma yarda ɗalibi ya rubuta ta da hannunsa ba sai ya kawo mini ita daga jaridu ko wasiƙu na gaske, na ga ya gane ta a bakin masu harshen.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne have a bone to pick with you. Nan ma ƙwan nan ne ya jawo. Tiao na nufin tsinta, pick ma tsinta, ga kuma ƙashi, sai ɗalibi ya ɗauka ya samu hanyar ladabi ta cewa "a yi haƙuri, zan ɗan yi bin ƙwaƙƙwafi." Na ga wadda ta buɗe saƙo ga babban abokin cinikin kamfaninsu da wannan jimla, tana son ta nuna masa ya yi kuskuren lamba a takardar oda. Baiwar Allah, abin da kika gaya masa shi ne kina jin haushinsa, ya yi miki laifi, yau kuma sai kun yi ta. Tsakanin abokai akan faɗe ta da murmushi, rabi wasa rabi gaske. Ga maigida ko mai saye kuwa, neman rigima ce. In gyara kike son yi, ki ce one small point, ko may I check one figure. In kuma mai neman aibun ake son siffantawa, Turanci na da nitpick da find fault, babu ƙashi ko ɗaya a cikinsu.

Akwai wani sakaci da ke ba ni haushi fiye da rashin sani. Sinanci ba shi da a, ba shi da the, galibi ba ya kuma liƙa wa suna alamar jam'i, na yarda. Amma wannan ba hujja ba ce ga wanda ya shekara yana karatu. A bone to pick, ƙashi ɗaya ne. Make no bones, jam'i ne. To the bone, dole da the. In my bones, jam'i, kuma da my. A bone of contention, abin da ake jayayya a kai, ɗaya ne. Ba a taɓa su, ba a yi musu kwalliya. Ni ba na bayanin dalili, don yawancinsu ba su da dalilin da zai amfane ka. Hadda nake sa su yi, kowace a cikin cikakkiyar jimla, da babbar murya. Wanda ya ce mini I feel it in the bone sai ya sake daga farko. Ma'anarta kuwa ita ce tamu ta "jikina ya ba ni", kuma ba ita ce guzi li ta Sinanci ba, wadda ke nufin ainihin halin mutum na ciki. Wannan at heart ake cewa.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. Ying gutou, ƙashi mai tauri, yabo ne ga mutum mai taurin zuciya, ko kuma aiki mai wuya. Hard bone ba ta nufin komai a Turanci, a ce a hard nut to crack. Ruan gutou, matsoraci, spineless ne, ba soft bone ba. Gurou, ƙashi da tsoka, su ke nan 'ya'yanka da danginka. Bature flesh and blood yake cewa. Lan gutou da lazybones sun dace, cigu, sanyi mai ratsa ƙashi, da chilled to the bone ma sun yi kusa, pibaogu kuma skin and bones ce sak. Irin waɗannan da suka dace su ne ke sa ɗalibi ya saki jiki da sauran. Funny bone ba ƙashi ba ce, jijiyar gwiwar hannu ce da ke ba ka zirr in ka buge ta.

Backbone tana son ɗan tsayawa. A takardun neman aiki za ka ga backbone teacher ko backbone staff, daga kalmarsu gugan. Turanci na cewa wane shi ne the backbone of kamfani, kamar yadda muke cewa noma ne ƙashin bayan arziki, amma ba ya mai da ita muƙami. A rubuta key staff ko senior teacher.

In bone ta zama aikatau sai a yi hattara. To bone a fish cire ƙaya ne, ba sakawa ba, kuma debone ma haka take nufi. Bone up on kuwa duƙufa ne a kan karatu kafin jarrabawa ko taro. Amma kada a kuskura a sa sunan mutum bayan wannan aikatau, kada kuma a ƙara mata r a ƙarshe, don a Turancin titi na Amurka batsa ce, ba zan fassara ta nan ba. Waɗanda suka yi aiki a Legas ko Fatakwal kuma sukan dawo da bone ta Burokan, wadda ke nufin ɗaure fuska ko share mutum. A Najeriya za a gane, a wasiƙa zuwa Landan ba za a gane ba.

'Yan kasuwa na da tasu. Ragi a Sinanci dazhe ne, karaya kuma guzhe, sai suka haɗa su cikin raha, ragi mai yawa ya zama "farashin karaya". Na ga an buga bone-breaking price a allon shago. Abin da ake nema shi ne prices cut to the bone. Tunda mun zo nan, ragin da suke kira na takwas yana nufin ka biya kashi 80 cikin 100, wato 20% off, ba 80% off ba. Ba zancen ƙashi ba ne, amma ya fi shi saurin haɗa faɗa.

Na ƙarshe bone china. China a nan ba sunan ƙasa ba ne, tangaran ake nufi, shi ya sa ake rubuta ta da ƙaramin baƙi a cikin jimla. Ɗalibai kan yi mamaki in na ce musu a Ingila aka ƙirƙiro shi, Josiah Spode ya daidaita haɗinsa a Stoke-on-Trent cikin shekarun 1790, ko da yake yau Tangshan ta lardin Hebei ta yi suna wajen yin sa. Ana cakuɗa tokar ƙashin dabba ne da yumɓu, galibi na shanu. Wanda ke sayar wa alhazanmu kofuna da faranti ya shirya, don za a tambaye shi ƙashin wace dabba ce, kuma "ban sani ba" ba ta sayar da kaya. Ya tambayi masana'anta tun kafin a tambaye shi. Ya kuma rarrabe bone china da abin da ake bugawa new bone china, wanda galibi babu tokar ƙashi a cikinsa, farashinsa ma ƙasa yake. In takardar oda ta ce na farko, kada a cika kwali da na biyu.