Yadda Ake Tace Tarihin Git da Sunayen Fayiloli da Alamar Tauraro

Git manhaja ce mai adana tarihin canje-canjen da aka yi wa fayilolin wani aiki a cikin ma'ajiya guda. Duk ma'ajiyar Git da ta kai shekara biyu ko uku ana aiki a cikinta, tarihinta yakan yi tsawon da ba mai iya bin sa daga farko har ƙarshe. A ɗauka cewa wasu matasa masu rubuta manhaja a Birnin Kebbi suna kula da manhajar wata ƙungiyar manoman shinkafa, kuma a cikin ma'ajiyarsu akwai folda mai suna rahoto, wadda a ƙarƙashinta kowace ƙaramar hukuma take da tata folda: argungu, augie, suru da yauri. Idan aka wayi gari alƙaluman Argungu sun canza, ana son sanin wanda ya taɓa su da ranar da ya taɓa, umarnin git log shi kaɗai zai zubo ɗaruruwan kwamit, wato canje-canjen da aka adana ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yawancinsu ba su shafi tambayar ba. Maganin hakan shi ne a gaya wa Git hanyar fayil ɗin da ake nufi:

git log --oneline -- rahoto/argungu/

Ƙananan layuka biyun nan da suke tsaye su kaɗai kafin sunan folda suna raba sunayen rassa, wato layukan aiki daban-daban da ake buɗewa a cikin ma'ajiya, da sunayen fayiloli. Idan akwai reshe da folda masu suna iri ɗaya, ko kuma an riga an goge fayil ɗin da ake nema, Git zai ƙi aiki muddin ba a sa su ba, don haka ya fi kyau mutum ya saba da rubuta su kullum.

Amfanin alamar tauraro (*), wadda take wakiltar kowane jerin haruffa, yana bayyana ne lokacin da fayilolin da ake nema suka warwatsu a wurare da yawa. Mai son ganin duk kwamit ɗin da ya taɓa wani fayil mai ƙarewa da .csv, a kowace folda yake, zai rubuta:

git log --oneline -- '*.csv'

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan layi shi ne alamomin zancen da suka kewaye tauraron, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Kafin umarni ya isa ga Git, sai ya bi ta hannun Bash, wato manhajar da take karɓar abin da aka buga a taminal, kuma ita ma ta san alamar tauraro. Idan ba a kulle tauraron cikin alamomin zance ba, Bash za ta duba foldar da mutum yake tsaye a ciki, ta maye gurbin tauraron da sunayen fayilolin da ta gani a wurin a daidai wannan lokaci, sannan ta miƙa wa Git. Idan akwai fayil guda mai suna farashi.csv a wurin, abin da Git zai karɓa shi ne farashi.csv kawai. Zai nuna tarihin wannan fayil ɗin ba tare da wani gargaɗi ba, mai tambaya kuma ya tashi da zaton ya ga komai, alhali rahotannin Argungu da Yauri ko leƙa su ba a yi ba. Kamar a ba ɗan aike wasiƙa ce a buɗe, ya karanta a hanya, ya isar da abin da ya fahimta.

Abin da yake ƙara ruɗa mutane shi ne, idan babu fayil ko ɗaya da ya dace a foldar da ake tsaye, Bash takan miƙa tauraron yadda yake, umarnin kuma ya yi aiki daidai. Saboda haka layi ɗaya yana iya ba da amsar gaskiya yau, gobe ya ba da guntuwa, don kawai wani ya ajiye sabon fayil a wurin. Mai shakka ya buga echo *.csv ya ga abin da Bash take mayar da tauraron. Masu kwamfutar Mac, wadda ta koma amfani da zsh a madadin Bash tun 2019, su kuma saƙon kuskure za su gani idan ba a sami fayil ba. A Windows, tsohuwar tagar cmd ba ta ɗaukar alamar zance mai ƙwaya ɗaya a matsayin makulli, sai mai ƙwaya biyu. Git Bash da PowerShell kuwa suna karɓar mai ƙwaya ɗaya.

Da zarar tauraron ya isa hannun Git lafiya, sai a san cewa yana da wata ɗabi'a da ta bambanta da ta Bash da ta fayil ɗin .gitignore, mai lissafa fayilolin da Git zai yi watsi da su: a nan tauraro yana tsallake alamar / ya shiga ƙananan foldoji. Wanda ya rubuta 'rahoto/*.csv' zai sami rahoto/jimla.csv, zai kuma sami rahoto/augie/2023-damina.csv. Sau da yawa abin da ake so ke nan. Idan kuwa fayilolin da suke kai tsaye cikin rahoto kaɗai ake buƙata, sai a yi amfani da kalmar glob, wadda ta shigo Git a siga ta 1.8.5 a shekarar 2013:

git log --oneline -- ':(glob)rahoto/*.csv'

A wannan yanayi tauraro ɗaya yana tsayawa a bakin folda, taurari biyu a jere ne suke nutsawa ciki komai zurfi, kamar a ':(glob)rahoto/**/2023-*.csv'. Alamar tambaya tana wakiltar harafi ɗaya tak, baka mai kusurwa kuma tana ba da zaɓi tsakanin haruffa, ta yadda '*202[23]-rani.csv' zai kamo noman rani na 2022 da na 2023 tare. A ganina, kafin a yarda da kowane tsari mai ɗan sarƙaƙiya, gara a gwada shi da git ls-files, a sa masa tsarin iri ɗaya, domin zai jero fayilolin da suka dace da shi a yanzu, mutum ya gani da idonsa ko ya kamo abin da yake nufi.

Ana kuma iya cire wasu fayiloli daga bincike. Idan akwai foldar gwaji cike da bayanan bogi da ake canzawa kullum, sai a rubuta:

git log --stat -- '*.csv' ':(exclude)rahoto/gwaji/*'

Wannan ya zo da siga ta 1.9 a 2014, kuma gajeren rubutunsa shi ne :! a gaban sunan. Sai dai Bash tana ba alamar motsin rai wata ma'ana tata ko da a cikin alamar zance mai ƙwaya biyu, shi ya sa a siga ta 2.13, a 2017, aka ƙara :^ mai yin aiki iri ɗaya. Idan wasu abokan aiki suna ajiye fayil da .CSV cikin manyan haruffa, kalmar icase za ta sa a daina bambanta babba da ƙarami. Kalmar top kuma tana sa a fara bincike daga tushen ma'ajiya ko da mutum yana tsaye can cikin foldar suru. Ana haɗa su da waƙafi: ':(top,icase)*.csv'.

Inda wannan dabara ta fi biyan buƙata shi ne neman fayil ɗin da aka goge, wanda ba a ma tuna cikakken sunansa ba:

git log --all --diff-filter=D --name-status -- '*augie*'

Umarnin zai duba dukkan rassa, ya nuna kwamit ɗin da aka goge duk wani fayil mai augie a hanyarsa, tare da sunan wanda ya goge da kwanan wata. Daga nan sai a ɗauki lambar kwamit ɗin, a ce a1b2c3d ce, a dawo da fayil ɗin daga kwamit ɗin da ya gabace shi da git restore --source=a1b2c3d~1 -- rahoto/augie/2022-rani.csv. Umarnin restore ya shigo ne a siga ta 2.23 a 2019. Mai tsohuwar siga sai ya yi amfani da git checkout.

Akwai iyakoki da ya kamata a sani. Zaɓin --follow, mai bin fayil ko da an sauya masa suna, fayil ɗaya kawai yake iya bi. Idan aka ƙara -p don ganin ainihin layukan da suka canza, Git zai nuna na fayilolin da suka dace da tsarin ne kaɗai, sai an sa --full-diff zai nuna sauran abin da kwamit ɗin ya taɓa. Haka nan Git yakan ɓoye wasu kwamit na rassan da aka haɗe idan canjinsu bai tsira a sakamakon ƙarshe ba, kuma --full-history ne yake fito da su, abin da ake buƙata ƙwarai idan ana zargin wani gyara ya ɓace wajen haɗe rassa.

Duk wannan bincike a cikin kwamfutar mutum yake gudana, ba ya buƙatar intanet. Amma wanda ya sauko da ma'ajiya da --depth 1 don tsimin data, kamar yadda ɗalibai da yawa suke yi, kwamit na ƙarshe kaɗai yake da shi, don haka kowane tsari ya rubuta ba zai ga tsohon tarihi ba. Sai ya buga git fetch --unshallow lokacin da sabis yake da ƙarfi, ya sauko da ragowar tarihin, sannan ya sake tambayar.