Shawara ga masu son yin sharhin fim a gurup

Salama alaikum 'yan uwa, ni daga Garwa nake. Wallahi na gaji da sharhin "fim ɗin ya yi kyau" kawai, to me ya yi kyau a ciki?

Dabarata ita ce in kalla sau biyu. Na farko don daɗi, na biyu sai in zaɓi wuri ɗaya in kashe sauti gaba ɗaya a telefon, in zuba ido ga kamara, ina take tsayawa, fuskar wa take daɗewa a kai, nan hannun darakta yake fitowa. Ku gwada da finafinan Mahamat-Saleh Haroun na Cadi, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2010, mutumin nan shiru yake barin mutanensa su yi, uba da ɗa suna zaune ba magana amma ka ji nauyin yaƙi a ɗakin.

Kuma kar ka auna fim ɗin soyayya na Kano da mudun wannan, shi waƙa da rawa ginshiƙinsa ne.

Batun zamantakewa kuwa ku duba wa ke kan kujera wa ke kan tabarma, wa ke fara sa hannu a kwano.