Kurakuran da iyaye ke yi idan yaro ya shiga hokin ƙanƙara

Duk watan Satumba, da kakar hoki ta kama a nan Ontariyo ta Kanada, ba na rasa ganin wani daga cikin mutanenmu a ɗakin canja kaya, ya durƙusa gaban ɗansa yana kokawa da igiyar takalmi, yaron kuma ya nutse cikin kaya kamar ya ari rigar babansa. In na yi magana a ce, "To Malam, ai girma yake yi." Shekara tara ke nan ina kai yara filin ƙanƙara, maza biyu da mace ɗaya, kuma babu kuskuren da zan ambata a nan da ban taɓa yi da hannuna ba. Na gaji da maimaita magana a tsaye cikin sanyi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu fara da takalmi, don nan na fara cutar ɗana. Mun taso a gidajen da in za a ɗinka maka kayan sallah sai an ce wa tela ya ƙara tsawo, don su kai ka sallar baɗi. Da wannan tunanin na shiga kanti na saya wa babban ɗana, yana ɗan shekara shida, takalmin ƙanƙara da ya ɗara ƙafarsa da lamba biyu. Na ce a sa masa safa biyu masu kauri, ga ɗumi ga cike gurbi. Abin da ya biyo baya wata huɗu ne na wahala. Da ya hau ƙanƙara sai idon sawunsa ya lanƙwashe ciki, gwiwoyi su haɗe, yana tafe kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Sa'o'insa suka koyi tsayawa, suka koyi juyawa, shi yana nan yana faɗuwa. Ni kuwa daga bayan gilashi ina cewa a raina yaron nan rago ne. Har a mota na faɗa masa. Ranar Asabar da asuba in an tashe shi sai ya ce cikinsa na ciwo.

Wani dattijo mai wasa ƙarfen takalma ne ya warware mini. Ya zaro shimfiɗar cikin takalmin, ya ajiye a ƙasa, ya ce yaron ya taka. Tsakanin babban yatsansa da ƙarshen shimfiɗar, yatsuna uku suka shiga. Bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi, kuma har yau in na tuna kallon nan sai na ji kunya. Ashe takalmin ƙanƙara ma ƙasa yake da na makaranta, yawanci da lamba ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dalili kuwa a fili yake: yaro a kan siririn ƙarfe yake tsaye, in diddigensa na yawo a ciki, duk ƙarfin da ya tura ba ya isa ƙanƙara. Abin da nake yi yanzu, in kwance igiya, in ce ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa baki, sannan in zura yatsana bayan diddige. Yatsa ɗaya ya shiga, to. Biyu suka shiga, a mayar. Safa ɗaya siririya. Kada a naɗe ragowar igiya a idon sawu, yana hana yaro durƙusawa. In kuɗi ne matsalar, takalmi na hannu mai daidai ya fi sabo mai yawa sau goma. Kantunan tsofaffin kayan wasa irin su Play It Again Sports cike suke da takalman da yara suka sa kaka ɗaya suka fi ƙarfinsu, kuma ƙungiyoyi da yawa na yin ranar musayar kaya kafin a fara.

Sabon takalmi ba ya zuwa da kaifi, sai an kai an wasa. Ni rabin inci nake cewa a yi wa yarana, wato ma'aunin kwarmin da ake yi wa ƙasan ƙarfen, kuma ina maimaitawa bayan sun yi kamar awa takwas zuwa goma a kan ƙanƙara. Wasu iyayen sun fi ni yawan kaiwa, wannan dai tsarina ne. A goge ƙarfen da tsumma bayan wasa don tsatsa, kada kuma yaro ya taka siminti ba marufi.

Hular kwano ce kaɗai ba na saye a hannu, domin ban san irin dukan da ta sha ba. A Kanada dole ta kasance da tambarin CSA, wato shaidar ingancin kaya, ita da ragar fuskar. Masu tsallakawa Amurka gasa su duba tambarin HECC, irin shaidar da ake nema a can, shi yana da ranar ƙarewa a jiki. Hular ta zauna yatsa ɗaya saman gira, haɓa ta shige cikin mazauninta, in yaro ya girgiza kai ta bi kan, ba ta yi rawa ita kaɗai ba. Ku ajiye ƙaramin sukundireba a jaka, kusoshin ragar kwancewa suke yi.

Amma ku ji wannan da kyau, don a nan na yi kuskuren da ya fi kowanne tsada: hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Ɗana na biyu yana shekara goma sha ɗaya muka je gasar ƙarshen mako a wani gari. A wasan Asabar ya yi karo da wani yaro, ƙeyarsa ta daki katangar fili. Ya ɗan jima a kwance, sannan ya miƙe, jama'a suka tafa. Ni har da alfahari, na ce jinin gidanmu ne. A mota ya yi shiru, ya ce hasken fitilun motoci na damunsa. Da muka isa masauki na ba shi farasitamol, mahaifiyarsa ta shafa masa man zafi a wuya, ta ce, "Abban yara, anya yaron nan zai buga gobe?" Na ce mata namiji ne, ba a yi wa namiji haka. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce na biya kuɗin ɗaki na kwana biyu, na biya kuɗin gasa, na kona mai, ba na so a ce mun zo a banza. Da safe mai kula da lafiyar 'yan wasa ta tambaye ni yadda ya kwana, na ce lafiya lau. Ƙarya na yi mata, a gaban ɗana.

Bai kai minti biyar a fili ba wani ya ɗan bangaje shi, bangazar da a da ko juyowa ba zai yi ba. Ya fito yana layi, ya yi amai a bakin benci. Mako uku bai iya karanta shafi ɗaya ba sai kai ya sara, mako bakwai bai hau ƙanƙara ba, kuma zangon karatun nan haka ya tafi. Likita ta tambaye ni ko ya bugu kafin ranar, na sunkuyar da kai. Allah ne ya rufa mana asiri, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kisa. A nan Ottawa, a watan Mayun 2013, wata ɗaliba 'yar shekara 17 mai suna Rowan Stringer ta rasu bayan ta bugu a kai fiye da sau ɗaya cikin mako guda a wasan rugbi. Ƙawayenta ta gaya wa kanta na ciwo, manya ba su sani ba. Saboda ita Ontariyo ta kafa dokar da ke ɗauke da sunanta a 2018, wadda ta wajabta wa iyaye su karanta bayanin bugun kai kowace shekara kafin a yi wa yaro rajista. Na san yadda muke yi da takardar nan: mu gangara ƙasa mu danna "na karanta". Ni ma haka na yi. Ku karanta ta, don Allah.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske ko hayaniya, yaro ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, ko ya canja hali haka kawai, kowanne ɗaya ya isa a cire shi ranar, a kai shi likita. Ba sai ya suma ba. In kuwa amai ya yi ta zuwa, ko wuya na ciwo, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko barci na rinjayarsa ba ya tasuwa da sauƙi, wannan na asibitin gaggawa ne nan take. Komawa fili mataki-mataki ake yi, kowane mataki aƙalla awa 24, kuma ba ya shiga wasan gogayya sai da takardar likita. A gidana na ƙara doka ɗaya: duk wanda ya faɗa mini kansa na ciwo ba zai ji faɗa ba, ko da wasan ƙarshe ne na cin kofi. Yaranmu sun iya ɓoye ciwo saboda mu muka koya musu cewa kuka abin kunya ne.

Makarin wuya kuma, wanda yara ke ƙi wai yana shaƙe su. A ƙananan rukunoni na Kanada dole ne. Na sha ganin iyaye sun bar yaro ya naɗe shi da tef ya zama siriri kamar tsintsiyar hannu, ko ya sassauta shi yana lilo a ƙirji. A ranar 28 ga Oktoban 2023, Adam Johnson na ƙungiyar Nottingham Panthers ya rasu a Sheffield ta Ingila bayan ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya, yana da shekara 29. Bayan nan ne hukumar hokin Amurka ta wajabta makarin ga yara daga Agustan 2024. In naka yana ƙorafi, akwai rigar ciki mai haɗe da makarin, ita na koma saye, ba a mantawa da ita a gida.

Sanda ma akwai abin dariya a kanta. Yaro na dama yakan fi jin daɗin riƙe kan sandar da hannun dama, wanda ke nufin sandar da ake kira ta hagu zai yi amfani da ita. Na ga uban da ya mayar da sanda kanti wai ba zai mai da ɗansa bahago ba. Alhaji, ba tuwo zai ci da ita ba. Miƙa masa tsintsiya mai dogon hannu ka ga yadda zai kama, haka zai riƙe sanda. Tsawonta ya tsaya a haɓa in yana kan takalmin ƙanƙara, a hanci in ƙafa ba takalmi. Kada ka sayi ta manya ka datse, datsewa na ƙara mata tauri, yaro ba zai iya lanƙwasa ta ba.

Makarin ƙwauri ya rufe daga gwiwa har bakin takalmi, don faifan robar da ake bugawa giram 170 ne kuma duk inda aka bar kafa nan yake samu. Makarin gaba dole ne, mace da namiji. A shanya kaya duk bayan wasa, jakar da aka bari a rufe cikin but ba wari kaɗai take tarawa ba, har da ƙwayoyin cutar fata. Kowa da gorar ruwansa. A kai ƙaramin yaro banɗaki kafin a fara sa kaya, wanda bai ji wannan ba zai ji a jikinsa. 'Yata da ɗankwalin wasanni marar fil take sa hularta, kuma da shi a kanta muka je aka gwada hular.

Yanzu bari in juyo kan halinmu a kan benen 'yan kallo. Mun zo da al'adar gidan kallon ƙwallo, inda zagin alƙalin wasa wani ɓangare ne na nishaɗi. Wanda kake yi wa ihu a wasan 'yan shekara tara, sau da yawa yaro ne ɗan sha huɗu ko sha biyar da ke neman na kashewa. A wasu yankuna har koren ƙyalle ake ɗaura musu a hannu don a san ba su kai 18 ba. Ka yi kwas ɗin Respect in Sport na iyaye, ka karɓi shaida, sannan ka zo kana dukan gilashi? Masu ihun "buge shi" kuma su sani cewa tun 2013 hukumar Hockey Canada ta hana bangaza da gangan a rukunin 'yan ƙasa da 13, sai a na 'yan ƙasa da 15 ake farawa, nan ma ba kowane mataki ba. In kana da magana da koci, ka kwana a kanta tukuna, yawancin ƙungiyoyi ma dokarsu ke nan, awa 24. A mota kuwa na daina sharhin wasa. Ina tambayarsu ko suna jin yunwa, shi ke nan, in suna so su yi maganar su za su ɗauko ta.

Na san abin da ke ranmu. An ce mana Jarome Iginla, kyaftin ɗin Calgary Flames na shekaru, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Mun ga Nazem Kadri ya ci kofin Stanley, babban kofin hoki na Arewacin Amurka, tare da ƙungiyar Colorado a 2022 ya kai shi masallacin garinsu London ta Ontariyo. Sai uba ya ci bashi ya sa ɗan shekara bakwai a horon bazara, horon rani, da malami na musamman, yaro bai huta ba wata goma sha biyu. Nawa da rani ƙwallon ƙafa suke yi da ninƙaya, jakar hoki na rataye a gareji har Agusta. Wanda bai tabbatar ɗansa zai so wasan ba ya nemi shirin First Shift na 'yan shekara 6 zuwa 10 da ba su taɓa bugawa ba, ana ba da kaya daga kai har ƙafa da darasi shida, kuma masana ne ke gwada wa yaro kayan. KidSport da Jumpstart na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin rajista. Na san muna jin nauyin cike irin wannan takarda, kamar roƙo ne. Ni na cike ta shekara biyu a jere lokacin da nake aikin dare, kuma ba wanda ya sani a ƙungiyar sai ma'aji.