Yadda za ka gane yarjejeniyar haidirojin mai tsabta ta gaske

In ka ji an sa hannu kan yarjejeniyar haidirojin mai tsabta tsakanin wata ƙasa da Turai, fara neman sunan mai saye. Ni daga nan nake farawa kullum. Ana samun iskar haidirojin mai tsabta ne ta hanyar amfani da lantarkin hasken rana ko na ƙarfin iska wajen raba sinadaran ruwa, kuma tsadarta ta sa banki ba ya sakin rance sai ya ga wanda ya ɗaure kansa da saye na shekaru.

Dubi aikin haidirojin na NEOM a Saudiyya, mai cin dala biliyan 8.4. Kamfanin Air Products ya ɗauki alkawarin kwashe amoniyar da za a sarrafa daga haidirojin ɗin (sinadarin da ake mayar da shi don sauƙin jigila) har shekara 30, shi ya sa kuɗi suka fito, gini ya tashi. A 2024 kuma kamfanin taki na Fertiglobe ya ci gwanjon farko na H2Global, shirin Jamus na sayo irin waɗannan kaya, don kawo amoniya daga Masar, inda Jamus ke cike giɓin da ke tsakanin kuɗin sarrafawa da abin da masu saye za su iya biya. Takardar fahimtar juna kuwa gaisuwa ce kawai. Irinta kamfanin makamashi na RWE na Jamus ya yi da aikin haidirojin na Hyphen a Namibiya, a 2025 ya janye.

Daga nan sai ka tambayi ruwa da wuta. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin aƙalla lita 9 na tataccen ruwa da lantarki wajen kilowat-awa 50. Garin Lüderitz, inda za a kafa Hyphen, hamada ce a bakin teku, dole a tace ruwan gishiri. Bincika ko an rubuta cewa mutanen garin za su sha daga wannan ruwa, ko rarar wutar za ta shiga layin ƙasar, domin Namibiya daga maƙwabta take sayen mafi yawan lantarkinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kayan za su tafi. Tarayyar Turai ta ce tana son shigo da tan miliyan 10 na haidirojin mai tsabta nan da 2030. Amma da amoniya ake yin takin yuriya, wanda manomin Afirka ke saye da tsada. Buɗe yarjejeniyar ka nemo sakin layin da ya faɗi kason da zai tsaya a gida, da hannun jarin gwamnati, da wanda zai biya bashin in mai saye ya gudu.